Bidiyon Bahago

Ɗan yayata bahago ne, kuma a gidansu an ɗauki abin kamar wata cuta da ake jinya a ɓoye. Ubansa ya zo Kuala Lumpur neman digirin dakta, ya gama, ya samu koyarwa, ya zauna a unguwar Pantai Dalam. Ni daga baya na biyo su da nawa karatun, na kama ɗaki kusa da su. Uban mutum ne da ba ya amsa gaisuwa da daɗin rai sai an haɗa masa da Dakta. Ya iya lacca a kan komai, har yadda ake dafa shayi, alhali ban taɓa ganin ya ɗora tukunya ba.

A garin yaron ya girma. Hausarsa ta gaisuwa ce, sauran duk Turanci da Malay. A makaranta ya faɗa wani wasa wai shi besbol, inda wani ke jefo ƙwallo wani ya maka mata sanda. Shi mai jifa ne. Ni ke raka shi fili ranar Asabar, don uban ya ce ba shi da lokacin kallon langar Turawa. Har yau ban gane dokokin wasan ba. Abin da na gane shi ne, idan ɗanmu ya saki ƙwallo, yara sai su kai duka su daki iska, su koma benci suna harararsa.

A shekararsa ta ƙarshe a sakandare, kocinsu, wani dattijo ɗan Japan, ya ce abokinsa a wata ƙaramar kwaleji a Amurka yana da sauran gurbi guda na mai jifa, har da tallafin karatu. Gajeren bidiyo kawai ake so: yaro ya tsaya ya yi jifa, a ɗauke shi ta baya da ta gefe, ba kiɗa, ba surutu. Yaron ya kasa cin abinci don zumuɗi. Ban taɓa ganin yana son wani abu haka ba.

Da uban ya ji an ambaci Amurka, nan take langa ta zama harkar ɗansa. Ya ce ba za a tura wa Turawa abin da aka ɗauka da wayar hannu ba, kamar ba mu da gata. Ya ɗauko wani ɗan ƙasarmu daga unguwar Danau Kota, mai sayar da kilishi da turare, mai nema wa ɗalibai ɗaki, wanda kuma ke ɗaukar bidiyon suna da walimar kammala karatu. Irin mutanen nan ne da ko tiyata ka tambaye su za su ce sun taɓa yi.

Ranar ɗauka, Dakta ya iso fili cikin babbar riga mai aiki, a zafin garin nan da ko singileti nauyi take yi. Ya tsaya gaban kyamara ya gabatar da kansa da digirorinsa da garin da kakansa ya yi alƙalanci. Sai da ya jiƙe sharkaf sannan aka ba yaro wuri. Ranar ce ya fara ganin ɗansa yana jifa. Ƙwallo ta farko ta faɗa safar hannun mai cafkewa da ƙara kamar an mari bango, amma uban hannun yake kallo.

"Da hagu kake yi?" ya tambaya.

"Abba, tun farko da ita nake yi lah," in ji yaron da Turancinsa irin na garin.

"Gwada da dama mu gani."

Yaron ya gwada, ƙwallo ta nufi kwata. Dakta ya ja mai bidiyo gefe suka yi ƙus-ƙus. Abin da na jiyo kawai shi ne, "No wahala, Dakta, boleh, zai yiwu. Ƙaramin aiki ne." Sai mutumin ya dawo ya ce yaro ya cire rigar ƙungiyarsu mai rubutu ya sa farar riga, wai rubutu yana damun kyamara. Na ɗauka cikin shirmen sana'arsa ne.

Yaron ya shiga jarrabawa. Ya roƙi a nuna masa bidiyon, uban ya ce aikin manya ne. Na ce a kai wa dattijon ya duba, Dakta ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi da ke duba kundin masu digiri ba ya buƙatar wani ya duba masa. Da kansa ya tura.

Amsa ta biyo ta hannun dattijon. Ya same mu a fili wata Asabar, fuskarsa a ruɗe. Abokinsa ya ce yaron yana da tsari, amma masu jifa da dama irin saurinsa sun yi masa yawa. Bahago yake nema, don su ne ke wuyar samu a wasan, har ya ɗauka dattijon da ya ce masa yaron bahago ne ya rikice. Ya riga ya ba wani bahagon gurbin.

Muka dawo gida muka matsa sai da aka kunna mana. Furanni suka fara juyawa a allo, kiɗan biki ya tashi, Dakta ya yi jawabinsa har ƙarshe. Can sai ga ɗanmu cikin farar riga yana jifa da hannun dama, tsaf kamar da shi aka haife shi. An juya hoton ne kamar a madubi. Yaron ya zuba wa allon ido. Ni kuwa raina ya ɓaci.

"Dakta, me ya sa?" na tambaya.

"Kai ma da hankalinka," ya ce. "Babban mutum za ka miƙa wa abu da hagu? Su ce ɗan Dakta ba shi da tarbiyya?"

Na ɗauki wani bidiyon da wayata washegari, dattijon ya tura. Abokin ya yaba, ya ba da haƙuri, gurbi dai ya tafi. Dakta ya ce ba rabonsa ba ne, da muryar wanda ya yafe wa kowa. Yaron ya daina zuwa fili, ya shiga jami'ar da ke kusa da Danau Kota.

Bidiyon bai mutu ba. Da Sallar da ta biyo baya, falo ya cika da ɗalibai 'yan gida, Dakta ya kunna musu shi a babbar talabijin, yaron yana zagayawa da tiren lemo. Wani baƙo ya ga jifan ya ce, "Ma sha Allah, Dakta, wannan hannun dama akwai ƙarfi."

Uban ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce ai gado ya yi.