Mai Shayin da Aka Hana wa Burodi

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula, ina da teburin shayi a bakin babbar hanya a Cadawa. Kamfen ya kankama, motocin 'yan siyasa na ta kai da komo tsakanin Maraɗi da Gazawa, kuma duk ayarin da ya tsaya sai ya karya kumallo wurina. Kasuwa ta buɗe mini yadda ban taɓa gani ba. A daidai lokacin ne kuma jikina ya fara gudu ya bar ni.

Da ciki abin ya soma. Kumburi, murɗa, zawo wanda ba ya jin magani. Daga baya gyambo ya fito mini a baki, wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso a gwiwar hannu, jiri ya riƙa ɗibata in na sunkuya hura wuta. Ni da nake ɗaukar buhun sukari a kafaɗa, sai ga shi butar shayi tana rinjayata. Na sha jiƙo, na sha sassaƙe, na sha ƙwayoyin tebur kala-kala. Abin dariya, duk sanda ciki ya matsa sai in ce bari in ci abu mara nauyi, in yanki rabin burodi in tsoma a shayi. Wato ina kashe gobara da kananzir, ina kuma yaba wa kaina da dabara.

Ramar ce ta jawo magana. Kun san irin ciwon da mutane ke kawowa a rai in namiji ya bushe yana zawo. Ba wanda ya faɗa mini a ido, amma bencina ya fara yin fili. Wani dattijo da ya shekara yana shan shayina ya zo da kofinsa daga gida. Washegari bai zo ba sam. Matata ta dawo daga rijiya ido ya yi ja, na tambaye ta, ta ce ba komai, hayaƙi ne. A rijiya.

Abokina, direban da ke jigilar Maraɗi, shi ne ya ƙi barina. Wata safiya ya sha shayinsa ya ajiye kofi, ya ce, "Rufe tebur ɗin nan, mu tahi likita."

Na ce, "Ana tsakiyar ciniki?"

Ya waiga ya dubi bencin da babu kowa, ya dube ni. "Wane cinikin?"

A asibitin Maraɗi aka fara da gwajin da kowa ke zargi, ya fito babu komai. Na ɗauka an gama, amma likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ce in zauna. Ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Ta tambaye ni abin da nake ci da safe, da rana, da yamma, yadda nake barci, ko akwai mai irin wannan ciwo a danginmu. Da na ce burodi da safe, taliya da rana, burodi kuma in na tashi aiki, sai ta ajiye biro. Ta sa aka ɗebi jinina aka aika Yamai, ta ce kada in canza cimata sai sakamako ya dawo.

Ranar da na koma, ta yi mini bayani da Hausa tsantsa. Ta ce jiki yana da dakarunsa masu yaƙar cuta, nawa kuwa sun rikice. Duk sanda alkama ta shiga cikina sai su far wa hanjina suna zaton abokin gaba ne, har hanjin ya gaji ya daina tsotsar amfanin abinci. Shi ya sa nake ci ina ramewa.

Na ce, "To a ba ni maganin."

Ta ce, "Zan ba ka na ƙarin jini da na ƙurajen. Amma babban maganin yana tukunyar gidanka. Ka bar alkama da duk abin da aka yi da fulawa."

"Har zuwa yaushe?"

"Har abada."

Na yi dariya, don na zaci wasa take. Na ce, "Madam, ni fa mai shayi ne." Ta ce ta sani, kuma ba ta hana ni sayarwa ba, ci ta hana ni.

Muka kamo hanyar gida a mota. Abokina ya ce mutane na fita asibiti da labarin da ya fi wannan nauyi, ni an ce in koma ga gero ina ɓata rai kamar an yi mini mutuwa.

Matata ce ta ɗauki yaƙin. Ta ware mini tukunya da ludayi da ƙwarya. Ta bar dunƙulen miya na kanti ta koma daddawa, tunda likita ta ce wasu akwai fulawa a ciki. Kunun gero da safe, tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, wake, kwaɗon zogale, kabewa. Nono ma an ce in dakata sai hanji ya huce, daga baya na fara da kindirmo kaɗan kaɗan wurin wata Bafillatana da ke kawo mana. Mahaifiyata ta taso daga ƙauyenmu na wajen Sae Sabuwa da ƙullin garin kuka, ta zauna tana kallona ina shan kunu. Ta ce, "Da kana yaro na yi ta fama da kai kan kunun ga, ka ce kai ɗan birni ne." Na ce ai ga shi birnin ya koro ni.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Ka yanka burodi mai zafi da hannunka, ƙamshi na dukan hancinka, ka miƙa wa wani, ka je ka wanke hannu. Sau ɗaya na faɗi, shi ma ba da sani ba. A wani suna aka kawo ɗanwake, na ce ai wake ne da rogo, na ci na ƙoshi. Ashe an haɗa da fulawa. Na kwanta kwanaki ina birgima. Tun daga ranar na koyi tambaya, ko a gidan surukai ne: "Mi aka sa ciki?" Da farko da kunya nake yi, yanzu ko a jikina.

Kafin damina ta kama, kumatuna sun dawo. Sai dai ciniki bai dawo ba, don magana in ta fita ba ta san hanyar gida ba. Wata ranar kasuwa, mutane sun taru kusa da tebur suna gardamar zaɓe, na miƙe na buga cokali a jikin buta. Na ce, "Jama'a, kowa na kamfen, ni ma ku ba ni minti guda." Na faɗa musu ciwona daga farko har ƙarshe, har da zawon, ban rage komai ba. Na ce wanda ke son shayi da burodi ga shi, wanda ke son abin da ya tashe ni daga kwance, ga kunun gero da wainar shinkafa na matata. Aka yi dariya, wani ya ce in tsaya takarar magajin gari. Dattijon nan mai kofi shi ya fara zama. Ya ce a zuba masa kunu, kuma a kofin tebur.

Bayan wani lokaci wata mata ta zo daga Gangara da ɗiyarta, yarinya 'yar lakol, wato makarantar boko, siririya kamar kara, ciki a kumbure. Ta ce ta ji labarin mai shayin da gero ya warkar, in faɗa mata abin da za ta ba ta. Na ce, "Inna, ni ba likita ba ne, kuma ba kowace rama ce irin tawa ba. Amma na san ƙofar." Na rufe tebur na raka su Maraɗi. Gwaji ya nuna ciwonmu ɗaya.

Yau in na tuna, ba warkewa nake alfahari da ita ba, don ciwon yana nan, zaman lafiya kawai muka ƙulla, kuma har yanzu ina zuwa a duba jinina. Abin da ke faranta mini rai shi ne na riƙe bakina shekara da shekaru a gaban abin da nake so, kuma na tsaya gaban mutane na faɗi ciwona a fili maimakon in ɓuya a ɗaki.

Yarinyar nan ta girma, malamar lakol ce yanzu. Duk hutu takan biyo ta Cadawa ta gaishe mu. Ba ta zama sai ta ƙare mini kallo sama da ƙasa, sannan ta juya wurin matata ta ce, "Mama, gaya mini gaskiya, Baba yana bin doka?" Ni da na nuna mata hanyar asibiti, yau ni ake bincike. Kuma ban taɓa faɗuwa binciken nata ba.