Fiton da Kawu Ya Yi a Duwala

Bari in faɗi laifina tun kafin wani ya riga ni: ni ne na yanke tafin. Na zauna da wayata da ɗan yatsana guda, na bi kiɗan Kawu daga farko har ƙarshe, duk inda jama'a suka yi ihu ko tafi na datse na zubar. Da na gama har sai da na yaba wa kaina.

Kawu yayan Innata ne, katangarmu ɗaya da shi a unguwar Rumde Ajiya, cikin Garwa. Sana'arsa busasshen kifi, daga Tibati yake sarowa. Wanda ya gan shi a sahun gaba, ga farin gemu ga carbi, ba zai taɓa kawo wa ransa abin da mutumin nan yake saurara in ya rufe ƙofar ɗakinsa ba. Kiɗan rok yake ji. Gita tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa saba'in lokaci guda, ganguna kuwa kamar ana sauke kwanon rufi daga tirela. Ranar da sabon maƙwabcinmu ya fara ji, sai da ya aiko a tambaya ko janareto ne ya lalace, wai yana da ƙane makaniki.

Tun yana yaron mota ciwon ya kama shi, a hannun wani direba da suke zuwa kudu tare. Yau yana da akwatin ƙarfe cike da kaset, kuma ba kowane kaset yake so ba. Wanda aka tsara a ɗakin ɗaukar sauti, cewa yake abincin asibiti ne, ba gishiri ba barkono. Shi sai wanda aka ɗauka a gaban taro. Ya san inda tsirkiyar gita ta tsinke, ya san inda mai ganga ya makara, ya san inda wani a cikin jama'a ya yi atishawa shekara arba'in da suka wuce a ƙasar da bai san hanyarta ba. In atishawar ta zo har cewa yake, "Yarhamukallah."

Amma a duk rayuwarsa sau ɗaya tak ya ga irin wannan wasa da idonsa. A Duwala ne, wasu makaɗa suka zo daga ƙetare, shi da amininsa suka bar mota a hannun maigadi suka kutsa. Wani ya shiga da rikoda a cikin jaka ya ɗauki wasan, Kawu ya sayi kaset ɗin washegari. Daf da waƙar ƙarshe, da wuri ya ɗan yi tsit, sai wani ya sa yatsu a baki ya tsala fito mai ƙarfi, har mawaƙin ya yi dariya ya mayar da magana da Turanci, taro ya ɗauki sowa. Kawu ya ce shi ya yi fiton nan. Amininsa, wanda yanzu yake sayar da kayan gyaran babur a Gidar, muke ce masa Baban Gidar, ya ce ƙarya ne, shi ne. Tun ba a haife ni ba suke wannan musu. Kawu ya ce fitonsa yana da wutsiya, a ƙarshe yana lanƙwasa sama. Baban Gidar ya ce nasa miƙaƙƙe ne kamar titin Marwa, kuma haka yake a kaset. An daɗe ba a kunna an ji ba, saboda zaren ya tsufa, Kawu yana tsoron kowane juyi.

Ni na kawo shawarar a juye shi a waya. Na cika baki sosai. Na ce a lise, wato sakandarenmu, babu wanda ya kai ni sanin sauti, alhali duk ilimina bai wuce yanko amshin waƙa in sa wa abokai a matsayin ƙarar kira ba. Kawu ya yi kwana uku yana kallona kamar mai neman auren 'yarsa, sannan ya yarda. Ya buga wa Baban Gidar waya a gabana.

"Ka zo ran Lahadi, tsohon maƙaryaci. Za a sa maka shi sau ɗari in kana so. Ka taho da kunnuwanka duka biyu."

Zai tafi Tibati ran Talata ya dawo Asabar. Kafin ya hau mota ya miƙo mini kaset ɗin da hannu biyu, da tsohuwar rediyonsa, da biro guda.

"Ɗan nan, ka ga maɓallin nan na mayarwa baya? Ko da wasa. Da biro ake juya shi, a hankali, kamar kana dama wa mara lafiya kunu."

Na ce, "Haba Kawu, sai ka ce yaro."

Ran Laraba da hantsi na kori ƙannena, na rufe taga, na jingina waya a bakin lasifika. Kusan sa'a ɗaya da rabi ina zaune cikin zafin Garwa ba fanka, don kada ƙararta ta shiga. Ban ma tsaya saurara ba, littafin lissafi na buɗe ina gyangyaɗi a kansa. Da aka gama na duba, sai na ga rabin abin ba kiɗa ba ne. Ihu, tafi, surutu, tari, mawaƙi yana ta zuba da Turanci, wani yana gyaran gita minti uku. Na ce wannan ai wahalar da tsoho ne. Mu in za mu tura waƙa, wa yake tura hayaniya? Na bi na gyare shi tas, waƙa na ƙarewa wata na kamawa. Labarin fiton nan kuwa na ji shi ya fi sau dubu, amma wallahi a lokacin ko kusa bai faɗo mini ba. Sai wayar ta ce wuri ya cika, na goge na asalin, tunda ga mai kyau.

Saura a mayar da zare farko. Na sa biro na juya sau ashirin, na ga ko alamar motsi babu. Na dubi maɓallin, shi ma ya dube ni. Na ce sau ɗaya dai ba ya kisa.

Rediyon ta yi wani irin gurnani kamar akuya ta samu leda. Kafin in cire wuta ta cinye abin da za ta ci. Na buɗe, na ja a hankali, ya ƙi. Na ja da ɗan ƙarfi, ya miƙe kamar taliya, ya tsinke. Abin da ya rage a hannuna wani cukurkuɗaɗɗen baƙin zare ne, tsawon hannu biyu, daga daf da ƙarshen kaset. A nan ne fiton ya faɗo mini. Na zauna daɓas a ƙasa.

Yaron kirki da sai ya kira Kawu ya faɗi gaskiya. Ni kuwa sai na tuna ran Juma'a da yamma akwai wasa a filin ƙwallon unguwarmu. Taro ai taro ne, in ji ni. Ihun Garwa da ihun Duwala duk da maƙogwaro ake yi. Na shiga na tsaya inda aka fi cika, na ɗaga waya sama tun daga farko har aka tashi. An ci ƙwallo biyu ban ga ko ɗaya ba. Na dawo gida na tsince usur ɗin alƙalin wasa da zagin da aka yi masa, wanda shi ne ya fi yawa, na cusa ragowar sowar a tsakanin waƙoƙi.

Fiton ne ya ba ni wuya. Na shiga banɗaki don a samu amsa-kuwwa, na sa yatsu a baki, miyau kawai ke zuba. A gwaji na wajen talatin ya fita, har da wutsiya, na lanƙwasa ta sama sosai don Kawu ya ci musu. In za ka cuci mutum, ai ka haɗa masa da ɗan alheri. Inna ta buga ƙofar da muciya.

"Wane mara kunya ne yake kira mana aljanu a banɗaki?"

"Aikin makaranta ne, Inna."

"Makarantar ubanwa?"

Kawu ya dawo Asabar yana warin kifi da farin ciki. Ya ce ba zai ji ba sai abokin musunsa ya zo, kada a ce an haɗa baki. Da ya tambayi kaset na ce yana cikin akwati yana hutawa.

Lahadi bayan azahar Baban Gidar ya sauka daga babur, gajere mai tumbi, yana ɗingishi. Tun daga zaure suka fara.

"Mai kifi, har yanzu ƙudaje ba su cinye ka ba?"

"Suna jiran su gama da kai. Zauna, yau ƙaryarka ta ƙare."

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, aka kawo shayi. Na haɗa waya da 'yar lasifika na kunna, na koma kusa da ƙofa, inda in ta ɓaci ba sai na tsallake kowa ba. Waƙar farko ta tashi. Tsofaffin nan biyu suka lumshe ido, kawunansu na kaɗawa, Baban Gidar yana kaɗa gitar da babu ita a kan tumbinsa. Waƙa ta ƙare, sowata ta shigo. Na saci kallon Kawu. Ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya mayar ya rufe. Na ce a raina an wuce shingen farko.

Haka aka yi ta tafiya har daf da ƙarshe. Baban Gidar ya ajiye kofi ya kama kunnensa da hannu. Sowa ta lafa. Fitona ya tashi, tsaf, ya lanƙwasa sama kamar ƙugiya. Ni kaina sai da na ji alfahari. Sai kuma, a daidai inda ya kamata mawaƙi ya yi dariya, wata murya siririya ta ratso daga can ƙasan sowar, da Fulatanci garau:

"Kosam! Kosam!"

Mai tallan nono ce ta filin ƙwallo. Na saurari wurin nan ya fi sau goma, ban taɓa jin ta ba sai ranar.

Baban Gidar ya ce, "Tsaya. Mayar."

Na mayar. Ta sake tallarta.

"Mai kifi, yaushe mai nono ta bi mu Duwala?"

Kawu ya kurɓi shayinsa. Baban Gidar ya fara dariya har hularsa ta faɗi cikin shayi.

"Kai! Ashe hayar yaro ka yi ya ƙera maka wutsiya! Shekara talatin kana neman shaida, da ka rasa sai ka sa aka haifa maka ita!"

Ban taɓa tunanin za a ɗora wa Kawu ba. Na matso na durƙusa, na faɗi komai: yankan, gogewar, biron, maɓallin, filin ƙwallo, banɗaki. Na shiga na ɗauko kaset ɗin da guntun zaren da na ƙulle a leda, na ajiye a gabansu. Dariyar Baban Gidar ta tsaya.

Kawu ya ɗauki zaren ya shimfiɗa a tafin hannunsa yana lallashinsa da yatsa.

"Tun waƙar farko na sani," in ji shi. "Mai rikodar yana yin tari sau biyu kafin a fara tafi. Ban ji tarinsa ba. Na yi shiru ne in ga iya inda rashin kunyarka ta tsaya."

"Kawu, waƙoƙin duk suna nan, ko ɗaya ban taɓa ba."

"Waƙoƙin ai ko a kasuwa sai a tura maka. Mu ne ka cire, ja'iri."

Da ya zage ni da ƙarfi ko ya ɗauko bulala, da na fi jin daɗi. Baban Gidar ya tsamo hularsa ya matse, ya ce da ni cikin Fulatanci in tashi in ba su wuri. Ina daga zaure ina jin su. Can sai na ji Baban Gidar ya ce, "Amma dai miƙaƙƙe ne." Kawu ya ce, "Ƙaryarka." Aka ce to kowa ya gwada yanzu a ji. Na leƙa. Kawu ya sa yatsu ya hura, iska kawai ta fita ta giɓinsa. Baban Gidar ya hura, ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya.

Washegari Kawu ya kai kaset ɗin wurin wani tsohon mai gyaran rediyo a kasuwa, ni ina biye da ledar zare kamar mai rakiyar gawa. Mutumin ya duba guntun da tabarau biyu, ya ce wannan ya miƙe ya mutu, ko an mayar ba abin da za a ji. Ya datse bakin biyu ya haɗe su. Kaset ɗin yana yi har yanzu. Ana cikin tafi sai ya yi tsalle ya faɗa cikin waƙar ƙarshe. Abin da ya ɓata bai fi rabin minti ba, kuma fiton da dariyar mawaƙin duk a ciki suke.

Kawu ya sa na sake juye abin da ya rage, yana zaune a kaina, ba a cire ko tari ɗaya ba. Hutun makarantar nan gaba ɗaya a rumfarsa na yi shi ina jere kifi ina korar ƙudaje, sai da ya yi sati uku kafin ya sake kirana ɗan nan. Ba a samu wani mai irin kaset ɗin ba, duk da an tambaya har Duwala. Kawu yana nan a kan shi ya yi fiton, Baban Gidar ma haka.