Batirin da Ya Yi Nauyi

Yayana Lawan direba ne tun ina goyo. Motar ma'aikata ya ja har ya yi ritaya, ya dawo gidansa na Gyadi-Gyadi ya zauna. Amma ina, mutumin da ya saba da sitiyari zai zaunu? Ya je ya sayo wata tsohuwar bas, ya ciccire kujerun baya, ya sa kafinta ya buga gado da ɗan akwati a ƙarƙashinsa. Unguwa ta yi ta yi masa dariya, wai Lawan ya gina ɗaki a kan taya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Don matarsa Hasana ya yi. Ciwon suga ya kama ta, allurarta kuma sai a cikin sanyi, zafi ya taɓa ta ta lalace. Saboda haka ta daɗe ba ta leƙa danginta a Gwarzo ba. Yaya ya ce zai sa ƙaramin firji a bas ɗin, ta je duk inda take so da maganinta.

Da ya sayo wa firjin batirin litiyom, irin na zamani mara nauyi, ni na kawo masa ɗana Ashiru, mai aikin wayar mota a Tarauni. Ɗan da Yaya ya ɗauki nauyin koyon sana'arsa fa! Ashiru ya durƙusa yana bayani da ladabi.

"Kawu, wannan ba a jona shi kai tsaye da altaneta mai cajin batirin mota. Jan wuta gare shi, zai ƙona ta. Sai an sa 'yar caja a tsakani, da fis. Batirin tayar da mota daban, na firji daban. Ko kun kashe inji, firji ba zai mutu ba."

Ranar na ɗaga batirin da hannu ɗaya don in share ƙarƙashinsa. Na ce, "Kai, wannan ai bai kai jarkar ruwa nauyi ba." Muka yi dariya. Ashiru ya tafi da bas ɗin garejinsa, ya dawo da ita an sa batirin a akwatin an rufe da kusoshi, wai don kada ƙura ta shiga.

Suka tafi Gwarzo ana tsakiyar zafi. Hasana tana cikin 'yan'uwanta ana hira, ashe firji ya mutu tun da hantsi. Ta yi ta yin allurar da ta riga ta lalace ba ta sani ba. A kwance aka dawo da ita, sai asibiti.

Yaya ya ɓalle akwatin a gabana. Ya kama batirin zai fito da shi, ya ƙi ɗaguwa, sai da ya sa hannu biyu yana nishi. Tsohon batirin mota ne, an goge shi tas. Ya juyo ya ce, "Rabi, kada ki ce komai."

Ni zan yi shiru? Na figi mayafi na hau adaidaita sai Daurawa. An ɗauke wuta a layin gaba ɗaya, amma gidan ɗana fanka tana juyawa, talabijin yana ta surutu. Matarsa Safiyyah ta ce, "Sannu da zuwa, Umma," ta buɗe firji ta miƙo mini ruwa mai sanyi, har kofin yana raɓa. Wallahi ji na yi kamar an mare ni. Na ajiye kofin, na leƙa bayan kujera. Ga batirin Yaya nan.

Ashiru ya fito yana cewa aro ya yi, ya so ya mayar kafin su Yaya su yi tafiya, mantuwa ce. Mantuwa! Na ce ya cire wayoyin. Fanka ta tsaya. Na ɗauki abina da hannu ɗaya na fita, ban sake kallonsa ba.

Wani mai aikin wayar ya mayar da batirin cikin bas, firji yana aiki. Yaya bai ƙara ambaton sunan Ashiru ba, kuma ya hana a gaya wa Hasana. Ranar da aka sallame ta ina gyara mata matashi, ta riƙo hannuna.

"Rabi, ɗana Ashiru lafiya kuwa? Kowa ya zo duba ni ban da shi."