Baturen Kawu da Kwanciyar Gawa

Shirun tsuntsaye na fara ji. Muna gonar Kawu ta wajen Tabanni, hantsi ya ɗaga, ina tattara kan dawar da aka yanke, sai na lura tsuntsayen da suka dame mu tun safe sun yi tsit. Sai ga shanun maƙwabcinmu sun ɓullo daga bakin rafi a guje, babu kowa a bayansu. Can ƙasa-ƙasa kuma, ta wajen dajin Kamuku, wani gurnani na tasowa kamar na injin niƙa. Baburan 'yan bindiga ne, masu yawa.

Na ce, "Kawu, kun ji?"

Ya riga ya ji. Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin makaranta, gwiwarsa ɗaya ta daɗe da ƙin lanƙwasuwa. 'Yan ƙodagon da ke mana yanka suka watsar da lauje, kowa ya yi ta kansa. Na kama hannun Kawu ina ja, ya fizge.

"Uwata, mun girbe abin da zai ɓoye mu. Wanda ya ruga shi za a hango." Uwata yake ce mini, don sunan kakata na ci. Ya nuna mini tarin karan da aka jibge a kan iyakar gona. "Shiga nan. Kwanciyar Bature za ki yi. Kin tuna ƙa'ida?"

Na tuna. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san Baturen Kawu, har ya ishe shi.

Wani ɗan wasan kwaikwayo ne ɗan Ingila, da ya zo Zariya ya yi 'yan watanni yana koya wa ɗalibai wasa a kan dandamali, lokacin Kawu yana saurayi a makarantar horon malamai. Daga nan Kawu ya kamu, ya yi ta wasan kwaikwayo a makarantu, har ya ɗan leƙa talabijin a Kaduna. Amma labarin kansa bai dame shi ba, na Baturen yake bayarwa. Wai ɗan mai sayar da kifi ne a wani gari na bakin teku. Da shara ya fara a gidan wasa, sannan aka fara ba shi mashi ya riƙe a bayan sarki, bai cewa uffan. Ya bi ayarin 'yan wasa gari-gari, yana kwana a ɗakunan da sanyi ke shiga ta ko'ina. Da fim ya zo ya zama likita, ya zama alƙali, ya zama mai buɗe wa manya ƙofa. Bai taɓa zama jarumi ba. Abin da aka san shi da shi mutuwa: in ana neman wanda za a kashe tun farkon wasa ya kwanta a gaban jama'a har a sauke labule, shi ake kira.

Mu dariya muke yi. Yayata takan ce, "Kawu, mutum ya tsallako teku don ya koya muku kwanciya? Ai ko jaki ya iya."

"Jaki yana kaɗa kunne, 'yar nema. Zo ki gwada mu gani."

Sai ya shimfiɗa tabarma ya jera mu. Kada ki runtse ido da ƙarfi, fatar ido za ta yi rawa. Bar shi a ɗan buɗe ki kafe abu guda. Numfashi a ciki ake yinsa, can ƙasa, ƙirji bai motsi. Saki harshe, saki yatsu. In ƙuda ya sauka, baƙonki ne. Babbar ƙa'ida kuma, gawa ba ta jin magana. Ko an ce wasa ya ƙare, ko an yi tafi, ba za ki tashi ba sai mai kula da labule ya zo ya taɓa miki tafin ƙafa. Wai Baturen ya taɓa miƙewa don ya ji tafi, ashe labule ya maƙale, gari guda ya ga gawa tana kakkaɓe wando. Tun daga ranar shi da mai labule suka yi wannan yarjejeniya.

Innarmu ba ta son wasan nan ko kaɗan. "Yaya, ka daina jawo mana mugun fata a gida. Wa ya taɓa ganin ana koya wa yara mutuwa?"

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Kawu ya ce mutumin nan, da furfurarsa da komai, kafin ya hau dandamali sai ya zaga baya ya yi amai don tsoro. Duk ranar wasa. Da su Kawu suka tambaye shi yaushe tsoron ke wucewa, ya ce shi nasa bai wuce ba, ya dai koyi kwanciya da shi.

Kawu ya tura ni ƙarƙashin karan, ya jawo wasu ya rufe ni. Na ji jan ƙafarsa yana nisa. Na yi addu'ar da ta zo bakina, na nemi abin kafe ido, na samu wani ɗan ramin da tsutsa ta huda a jikin kara.

Suka iso. Harbi, ihu, ƙaurin fetur. Wani ya tsaya kusa da ni har ina ganin igiyar takalminsa ta tsakanin kara. Ya ɗauki jarkar kununmu, na ji yana kwankwaɗa, ya ce wa ɗan uwansa, "Masu gonar nan ba su yi nisa ba, kunun da ɗuminsa." Cinnaku suka hau wuyana. Ƙurar dawa ta shiga hancina, atishawa ta taso, na saki harshe kamar yadda aka koya mana har ta koma. Ban yi tunanin Inna ba, don na san kuka zai zo. Tsohon Baturen nan na riƙa gani, wanda sau ɗaya na taɓa ganin fuskarsa a wayar Kawu, cikin wani tsohon fim marar launi, ya shigo da jakar likita ya faɗi magana biyu ya fita. Na ce a raina, kai ma haka zuciyarka take bugawa kana kwance?

Baburan suka tashi, ƙarar ta yi nisa, ta ɓace. Rana ta take. Can sai wata murya ta taso daga bakin rafi, a natse, irin ta mutanen kirki.

"Jama'a ku fito, sun tafi! Ku fito, mu ne 'yan uwanku!"

Wallahi gwiwata ta riga ta fara tattaruwa. Ƙishi ya ishe ni, wuyana yana wuta, kuma ina so in san ko Kawu yana da rai. Abin da ya riƙe ni wasan yaran nan ne kawai: ba a taɓa mini ƙafa ba. Na mayar da ido kan ramin tsutsa.

Na ji motsi a gonar gaba da tamu, mutane suna fitowa suna hamdala. Sai hamdalar ta koma salati da kuka. Ashe wasu daga cikin 'yan bindigar ne suka kashe babura suka laɓe. Har yau ina jin muryar wata mata tana roƙo a bar ta ta ɗauki takalminta.

Bayan nan ban san tsawon abin da na yi ba. Inuwar kara ta juya. Na ji an sake kira, muryoyi da yawa, har da wadda ta yi kama da ta mijin yayata, ana ambaton sunana. Ban amsa ba. Aka zo aka yaye karan, haske ya buge ni, wani ya ce, "Innalillahi, ga ta nan," wani ya ce a kawo zane a rufe ta. Ina jinsu sarai, jikina dai ya ƙi yarda da su.

Sai na ji jan ƙafar nan da na sani.

"Ku matsa, ku ba ku san kanta ba."

Ya daɗe kafin ya iya durƙusawa. Ya zare mini silifas, ya sa yatsa biyu ya taɓa tafin ƙafata.

"Uwata, an sauke labule. La'asar ta yi, mutanenmu ne. Tashi mu tafi gida."

Nan na juya gefe na yi amai, Kawu yana riƙe da goshina.