Kwalbar Ƙyanda Ranar Litinin

A shekarun da nake aikin rigakafi a wani ƙaramin asibitin unguwa a Bauchi, Alhamis ce ranar allurar ƙyanda. Ba wai ta fi sauran ranaku albarka ba ne. Maganin gari ne a 'yar kwalba mai isar yara goma, kuma da zarar an dama shi da ruwansa, awa shida ce ta rage masa, abin da ya saura sai zubarwa. Shi ya sa muke tara 'yan wata tara su zo rana guda. Alluran sati shida da sati goma da sha huɗu kuwa kullum ana yi. Yanzu an ce ko yaro ɗaya ne ya zo a buɗe masa. A lokacinmu mabuɗin firij yana aljihun shugabarmu, wadda muke kira Sista, kuma Sista ba ta son ganin an zubar da magani.

Ni ce ƙarama a cikin ma'aikatan, kuma ni ce mai baki. Wannan ban taɓa musawa ba.

Wata Litinin cikin bazara, wajen sha biyun rana, wata mata ta shigo da goyo. Daga wajen Zungur take, ta biyo motar masu kawo albasa kasuwa. Ta zaro katin yaron daga cikin leda, ledar ma a cikin wata ledar, tsaf kamar yau aka ba ta. An yi masa komai, saura ta ƙyanda, ga shi yana neman wata goma sha ɗaya. Ta ce zuwanta na uku ke nan. Na farko an ce yana majina, ta koma sai ya warke. Na biyu ta zo Laraba, aka ce ta dawo gobe, kamar Zungur bayan katangar asibiti take. Maigidanta ya ce daga wannan ba ƙari, sharar gona ta kama. Ga baƙon dauro, kamar yadda ta kira ƙyandar, ya riga ya shiga unguwar da ke maƙwabtaka da su. Motar kuma da an yi la'asar za ta juya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman kan zancen majinar. Majina ba ta hana allura, fitar haƙori ba ta hanawa, ɗan zawo ma haka. Duk an koya mana wannan, amma korar mutum ta fi bayani sauƙi. Na sami Sista a ofis na zayyana mata, murya ta fi yadda ya kamata tashi. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ki kawo mini yara biyar har da nata, sai in buɗe." A zatonta ta rufe mini baki ke nan.

Sai na tuna ana suna a wani gida ta wajen Fadaman Mada, don ni na yi wa jaririyar allurar tarin fuka a makon da ya wuce. Da aka yi azahar na bar baƙuwata a kan benci, na tafi da fararen kayana a jiki.

Tsakar gida cike da mata, an ci ado, ana ta zuba shinkafa. Ina yin sallama wata ta ce allura ta zo suna, kowa ta ɓoye ɗanta, aka yi ta dariya. Babu wadda ta zo da kati, wa zai ɗauki kati zuwa gidan suna? To amma uwa ba ta manta watan da ta haihu. Na riƙa bi ina tambaya, kafin azumi ne ko bayan babbar salla, muna lissafi da yatsu, na bar sauran ga littafin asibiti ya tabbatar. Wata mai tsohon ciki ta miƙo mini damtse, wai a cika da ita. Na ce mai ciki ba a yi mata ta ƙyanda, tata ita ce ta sarƙewar haƙora, kuma na san ta tsallake ta biyu, ina jiranta gobe. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na samu huɗu cif. Kakar jaririyar ta taso mini, wai na zo in kwashe mata baƙi ba a ko raba goro ba. Na durƙusa na ce, "Inna, wata ce ta taho tun daga Zungur, yau sau uku." Tsohuwar ta dube ni, ta juya ta ce da matan su tashi, shinkafa ba za ta gudu ba.

A hanya na karɓi 'yar ɗaya daga cikinsu don uwar ta gyara zani. Zafin jikin yarinyar ya ratsa rigata har fata. Wannan ba ɗumin mura ba ne. Ta yi laushi, wuya ya langaɓe, uwar ta ce tun safe ba ta kama nono ba. Irin wannan ba a yi mata rigakafi sai an yi maganin abin da ke damunta ta warware. In na cire ta, saura huɗu har da na Zungur.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in yi shiru. Sista daga bakin ƙofa take ƙirga kawuna. In jera su biyar, ta buɗe, sannan in janye yarinyar gefe. Har muka shiga ƙofar asibiti ina juya wannan a raina.

Na wuce kai tsaye na miƙa mata yarinyar. Na ce huɗu ne har da na Zungur, wannan ba ta allura ba ce, ta gado ce. Sista ta ɗora hannu a goshinta, ta buɗe idonta ta duba, ta saɓa ta a kafaɗa ta nufi ɗakin marasa lafiya, uwar na biye. Da ta zo wucewa ta gaban teburina ta ajiye mabuɗin.

"Ki dama," in ji ta. "La'asar ta kusa."

Na yi shekaru da yawa a aikin nan, an yaba mini a wurare, amma har yau babu abin da nake alfahari da shi kamar wannan rana. Ban yi ƙarya ba, kuma an buɗe kwalbar.

Da ɗan Zungur na fara. Allurar na shiga ya tsala ihu har matan suna suka ce wannan ladan za a yi. Na ce da uwar ta rarrashe shi, ta ba shi nono. Ba ta motsa ba. Ta riƙe shi a cinya tana kallon bakinsa a buɗe, tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

"Bar shi ya yi, Likita," ta ce. "Yayansa da baƙon dauro ya ɗauka bai samu ya yi irin wannan kukan ba."

Na sunkuya na rubuta kwanan wata a layin ƙarshe na katin, a hankali.