Yaya Ƙaltume, Sunanki Ba Ya Cikin Takardar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha ɗaya ga Jimada Ula, 1404, bayan la'asar, Yaya Ƙaltume mai shuni ta unguwar Ƙiblatain, nan garin Manzon Allah, ta rasu. An yi mata salla a Harami, maza suka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Ni Murja, maƙwabciyarta ta shekara talatin, na rubuta wannan da hannuna. Zan aika da shi ga ɗana Abdulrauf a jami'arsa ta Turai, domin shi ma ya karanta.

Yaya, kin saba tambayar mutanen gida tun kafin ki zauna. Maigidana Malam Shittu yana lafiya, sai ƙafar. 'Yata Sakinatu ta haihu, mace. Ƙanenki Issoufou ya daina cin abinci sosai. Ni kuwa ba ni da lafiya, kuma ba ciwon mustashfa, wato asibiti, ba ne.

Ke kika shayar da Abdulrauf wata biyar, lokacin da zazzaɓi ya busar mini da nono. Da na shiga ajin manya ina da shekara arba'in don in riƙa karanta wasiƙunsa da kaina, mata suka yi ta dariya. Ke kika ce musu, "Ku bar ta, ku da ko lambar bas sai an karanta muku."

Bara waccan ya zo hutu a rame. Ya ce an ba shi ƙwayar wani shuɗi da aka kankaro daga tsohon ginin mutanen Maya, can ƙasar Meziko. Ya shekara ɗaruruwa bai koɗe ba, ko ruwan batir ba ya cin sa. Wai shuni ne da farar ƙasa. A jami'arsu suna da na'ura mai haska ƙwayar, ta zana layi mai tudu da kwari a takarda, kowane launi da irin zanensa. Ya haɗa nasa sau da yawa, ya gasa kamar yadda littafi ya ce, amma zanensa ya ƙi zama ɗaya da na mutanen da.

Kika murza nasa a tafin hannu, kika sansana.

"Kai ɗan nan, ka ƙona shi. Da wutar tuya ka gasa?"

"Ya Inna, na'ura ce ke auna zafin."

"Na'urar taka ta taɓa rini? Garwashi ake bari ya yi toka. Idan bayan hannunka ya jure, ka ɗora, ka tafi harkarka."

Kwana uku kuna tsakar gida da kasko. Ya koma da ƙulli bakwai na haɗinki. Ya rubuto cewa na huɗu ya hau kan zanen Maya, tudu a kan tudu.

A watan Safar, kina kwance, takardar binciken da su Abdulrauf suka buga ta iso ta barid, wato gidan waya. Ba na jin Turanci, amma na san haruffan sunanki. Na bi shafi tara da yatsa, layi layi, sau biyu. Na ga sunansa, na ga na malaminsa. Na kai wa wani ɗalibi ɗan Najeriya ya duba mini. Ya ce a ƙarshe an gode wa masu kula da na'ura, da "wata tsohuwa mai rini".

Wata tsohuwa! Abdulrauf, nonon wata tsohuwa ka sha?

Yaya, ga abin da ke cin raina. Da na shigo wurinki da takardar kika ce, "Murja, ke mai karatu, nuna mini inda nake." Na ɗora yatsa a kan wata kalma da ban san ta ba, na ce ga ki nan. Kika shafa wurin da babban yatsanki har ya yi shuɗi, kika ce, "Ashe haka nake da tsawo." Na yi miki ƙarya a garin Manzon Allah, kuma kin tafi da ita. Karatun da kika tsaya mini na koya, da shi na cuce ki. Ki yafe mini. Shi kuwa Abdulrauf ban yafe masa ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa maƙwabtakar Baƙi'a ta amfane ki. Allah Ya ba Issoufou da dangi na Damagaram haƙurin rashinki.

Abdulrauf, ka ce babban littafin digirinka bai tafi wurin masu ɗaure littattafai ba. Sunanta Ƙaltume 'yar Abdou. Issoufou zai tafi gida ranar goma ga Rajab, kuma ya roƙi takardar nan da kuka buga ya nuna wa dangi, don ta gaya masa tana ciki. A can akwai masu jin Turanci. Ka amsa mini kafin ranar: za ka sa sunan ko ba za ka sa ba? Idan ban ji daga gare ka ba, ni da bakina zan gaya masa abin da ke ƙarƙashin shuɗin yatsanta.