Jirgin Sabi'u da Butar Malam

Jama'a, yau jirgi ya faɗo gidana! 'Yata Hadiza ke rubuta mini, ni kuka nake.

Da hantsi sai na ji wiii! Ƙaramin jirgin rimot ɗin Sabi'u maƙwabcinmu ne. Ya daki butar ƙasar mijina, ta tarwatse! Da ita Malam ya yi alwalarsa ta ƙarshe.

Sabi'u ya yi sallama daga zaure, har da dariya: "Inna, a miƙo mini. Jiya na sa masa sabon inji! Buta kuwa ai ta cika kasuwar Gwaram."

Na ce, "Takaba nake, ba mai shigo mini, ba mai miƙa maka. Dawo in na fita."

Yanzu haka da fiffiken jirgin nake fifita wutar tuwo.